Domenico Gabrielli, makaɗin Bolonya da ya fito da babban goge tsakar fili

A filin tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun ƙetare teku zuwa Italiya, wajen wani makaɗi da ya rasu a 1690 bai ko cika shekara 40 ba. Sunanshi Domenico Gabrielli, mutumin birnin Bolonya. Yana cikin mutanen farko a duniya da suka rubuta kiɗa don wani babban goge da ake kira cello, a kaɗa shi shi kaɗai, ba mawaƙi, ba ƴan amshi, ba wani abin kiɗa a gefe.

Sai mun fara bayyana abin kiɗan, don ba kowa ya taɓa ganin shi ba. Sunan dai ku karanta shi yadda Bahaushe ke karanta harafin c, ce-llo, haka su ma mutanen Italiya ke faɗi. Danginshi ɗaya da goge, tunda da baka mai izgar doki ake goga shi. Amma gogenmu tsirkiya ɗaya gare shi kuma ƙwarya ce da fata, shi ko wanga katako ne tun daga sama har ƙasa, tsirkiya huɗu, tsawonshi ya haura mita guda. Makaɗi zaunawa yake ya sa shi tsakanin ƙafafu. A zamanin Gabrielli ba a riga an sa mashi ƙarfen da ke tokare shi da ƙasa ba, da ƙwauri ake matse shi. Muryarshi kamar ta namiji babba ce, tana iya yin ƙasa ƙwarai, tana kuma iya hawa ta yi taushi.

Littattafan tarihi sun rabu biyu kan haihuwar Gabrielli. Wasu sun ce 15 ga Afrilu 1651, wasu 19 ga Oktoba 1659. Sunan Domenico ma'anarshi na Ubangiji, kuma a al'adar Italiya akan raɗa shi ga yaron da aka haifa ran Lahadi, wato Ɗanladi kenan. Mun lissafa, 19 ga Oktoba 1659 ta faɗo ran Lahadi, ɗayar ko Asabar ce. Sai dai kar a ɗora hujja a kan wannan, don a Bolonya ne kabarin waliyyin Kirista Dominiku yake, sunan ya cika gari ko da wace rana aka haifi mutum. Kada kuma a haɗa shi da Andrea da Giovanni Gabrieli na Venis, waɗanda suka riga shi da wajen shekara ɗari. Ba danginshi ba ne, sunan nasu ma da l guda ake rubuta shi. Mutanen garinsu ba su wahalar da kansu da dogon suna ba, Minghino mai cello suke ce mashi da harshen Bolonya, kamar dai a ce ɗan Ɗanladi mai goge.

Bolonya a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Fafaroma. Gari ne na malamai, jami'arshi tun 1088 take, gari ne kuma na masaƙan siliki masu injin da ruwa ke juyawa. A tsakiyar gari akwai majami'ar San Petronio, wadda aka fara ginawa a 1390, tsawonta kimanin mita 132, kuma har yau ba a ƙarasa adon gabanta ba. Majami'ar na da ƙungiyar makaɗa da mawaƙa masu albashi. Maurizio Cazzati, wanda ya shugabance su daga 1657 zuwa 1671, shi ya ƙarfafa ɓangaren masu goge har sunan ƙungiyar ya fita. Duk yaron Bolonya mai hannun kiɗa, can idonshi yake.

To, ga inda labarin ke da daɗi, kuma sai an bi a hankali. Tsirkiyar waɗannan kayan kiɗa da hanjin tumaki ake murza ta. Duk wanda ya taɓa ɗaura molo ko gurmi ya san doka: in kana son murya ta yi ƙasa, ko dai tsirkiya ta yi tsawo, ko ta yi nauyi. In ka ƙara mata kauri da hanji zalla, sai ta zama kamar igiyar guga, ka goga ta ta ƙi amsawa da wuri, sautin ya fito a dushe. Shi ya sa magabata suka bi ta tsawo, suka riƙa sassaƙa ƙaton goge da suke kira violone. Ƙato ne har yatsun hannun hagu ba su iya gudu a kanshi, sai tafiyar raƙumi. Aikinshi bai wuce ya riƙe gindin kiɗa ba, mawaƙi da ƙananan goge na sama suna burgewa, shi yana ƙasa yana ɗauke da su. Ba wanda ke zuwa don ya saurare shi, sai in ya yi shiru a ji wani abu ya ɓace.

Wajen shekarun 1660 aka fito da dabara, kuma Bolonya na cikin wuraren farko da ta kama. Sai a ɗauki tsirkiyar hanji siririya a naɗe ta da zaren ƙarfe, galibi na azurfa, siriri kamar gashi. Nauyi ya samu, kauri bai ƙaru sosai ba, tsirkiya tana lanƙwasa yadda ake so. Da wannan sai ya zamana ana iya rage girman abin kiɗan, muryar ƙasa ba ta ɓace ba, yatsu kuma suka samu sakewa. Sabon abin aka kira shi violoncello, wato ƙaramin violone. In an fassara sunan tsaf, ƙaramin babba kenan, abin dariya. A 1665 aka fara ganin kalmar a bugaggen littafin kiɗa, na wani ɗan Bolonya mai suna Giulio Cesare Arresti. Kun ga kenan Gabrielli da abin kiɗanshi kusan tare suka girma. Ba gadon kaka da kakanni ya tarar ba, sabon abu ne da ba a gama sanin iyakarshi ba.

Malaminshi na cello shi ne Petronio Franceschini, wanda ke riƙe da kujerar a San Petronio. Tsara kiɗa kuma ya koya wajen Giovanni Legrenzi a Venis, ɗaya daga cikin manyan zamanin. A 1676 aka karɓe shi cikin Accademia Filarmonica, ƙungiyar ƙwararrun makaɗa da aka kafa a Bolonya a 1666. Shigarta ba wasa ba ne, a nan aka karɓi Arcangelo Corelli a 1670, a nan kuma Mozart ya zauna jarrabawa shekara ɗari bayan haka. A 1683 ƴan ƙungiyar suka zaɓi Gabrielli shugabansu, muƙamin da suke kira yarima. Ko da wace ranar haihuwa aka bi, yaro ne a kan wannan kujera.

Kafin nan wani abu ya faru. Malaminshi Franceschini ya tafi Venis rubuta opera, ciwo ya kama shi can, ya rasu a watan Disamba 1680 yana ɗan shekara 30 ko ƙasa da haka, bai gama aikin ba. A cikin watan nan aka ba almajirin kujerarshi a San Petronio. Ku riƙe wannan, don hanyar da malam ya bi ita ɗalibi zai bi.

Aikin majami'a aiki ne na tabbas. Albashi na zuwa, amma akwai ranakun da dole a gan ka zaune da abin kiɗanka. Babbar rana ita ce 4 ga Oktoba, bikin waliyyin gari, lokacin da ake ɗauko ƙarin makaɗa daga waje har adadi yakan haura ɗari, a jera su sama kusa da manyan ogan guda biyu masu fuskantar juna, ɗaya na shekarun 1470, ɗaya na 1596. Ginin yana riƙe sauti daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya mutu, don haka kiɗa mai cunkoso sai ya cakuɗe. Abin da ke ratsa wurin shi ne kakakin Turawa na tagulla. Gabrielli ya rubuta kiɗe-kiɗe na kakaki da goge don wannan majami'a, kuma a ciki yakan ba cello nashi baki, kakaki ya faɗa daga sama, cello ya amsa daga ƙasa. Mu a ganinmu nan ya fara nuna halinshi: ko an ce ya rubuta wa wani, sai ya saƙa abin kiɗanshi a gaba.

Kuɗi da suna kuwa suna Venis. Can aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai iya biya ya shiga, a 1637. Opera wasan kwaikwayo ne da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, da kayan ado da injina masu sauko da mutum daga sama. Kowace shekara, daga ƙarshen Disamba zuwa farkon azumin Kirista, gidajen wasa na gasa, kowa na neman sabon abu. A cikin shekarun 1680 Gabrielli ya rubuta opera wajen goma sha biyu, akasari don Venis, wasu don Modena da Turin da garinsu. Akwai Clearco in Negroponte da Rodoaldo a 1685, akwai Il Maurizio wanda ya fi sauran karɓuwa har aka riƙa maimaita shi a wasu birane. A cikinsu ma bai bar halin ba. Akwai waƙoƙin da ya tsara yadda cello zai tashi daga aikin rakiya ya kama zance da mawaƙi, kamar mutum biyu. A 1684 kuma an buga mashi littafin kiɗan rawa a Bolonya.

Amma ba a gudu ana susar ɗuwawu. Tsakanin Bolonya da Venis akwai kusan kilomita 150, a zamanin kwalekwale da keken doki. Mai rubuta opera sai ya zauna ya ji mawaƙa, ya gyara, ya jagoranci gwaji. Kujerarshi a San Petronio ta riƙa zama wayam. A watan Oktoba 1687, kwanaki kaɗan bayan babban biki, masu kula da majami'ar suka sallame shi saboda sakaci da aiki. Tsohon shugaban ƙungiyar ƙwararru, wanda ake tafa wa a Venis, an kore shi a garinsu kamar kowane ma'aikaci mai fashi. Ba mu ga laifinsu ba. Shugaban kiɗan majami'ar a lokacin, Giovanni Paolo Colonna, yana da makaɗa da yawa a hannu, in aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa don ya yi suna, gobe kowa sai ya kama hanyar Venis. Shi ma Gabrielli ba mu ga nashi ba, mai baiwa irin tashi da wuya ya ƙare rayuwa yana riƙe wa wasu gindin kiɗa.

Bai daɗe a rana ba. Kilomita 40 daga Bolonya akwai Modena, inda Francesco na biyu na gidan Este ke sarauta. Wanga sarki an haife shi a 1660, ya gaji sarauta yana shekara 2, uwarshi ta riƙe mashi ƙasa har ya tasa. Yayarshi Mariya ita ce matar sarkin Ingila James na biyu, wanda aka tumɓuke a 1688. Francesco mai rashin lafiya ne, amma mai son kiɗa ne da littattafai ƙwarai. Ya tara makaɗa a fadarshi, cikinsu har da Giovanni Battista Vitali, wani ɗan Bolonya mai kaɗa babban goge, kuma ya riƙa sa ana kwafe kiɗe-kiɗe ana adanawa a ɗakin karatunshi. Gabrielli ya shiga hidimarshi. A watan Maris 1688 San Petronio ta maido shi bakin aiki, ko wata shida ba a yi ba. Da alama sun nemi wanda zai cike gurbin sun ga ba sauƙi. Alaƙarshi da Modena dai ba ta yanke ba, a shekarar nan aka yi operarshi Flavio Cuniberto a can.

A ɗakin karatun nan na gidan Este, wanda har yau yana nan a Modena, takardun da suka sa muke zancenshi suke. Rubutun hannu ne, ba bugu ba, kuma akwai kwanan wata a kai, 15 ga Janairu 1689. A ciki akwai kiɗa bakwai na cello shi kaɗai, da ɗaya na cello biyu inda na biyun ke bin sawun na farko yana maimaita abin da ya faɗa, da kuma wasu na cello da rakiya. Guda bakwai ɗin ana kiran kowanensu ricercar, daga kalmar da ke nufin nema ko lalube. A kan takardun akwai kuma kalmar darasi, shi ya sa masana da yawa ke ganin don koyarwa aka rubuta su, ko don ya motsa hannu.

In kun saurare su a jere za ku ji laluben da kunnenku. Na farko gajere ne, kuma kamar aikin da cello ya saba ne, takun gindin kiɗa, sai dai an cire duk waɗanda ke sama an bar shi tsirara. Kana ji kana jiran mawaƙi ya shigo, ba ya shigowa, can sai ka lura takun kanshi waƙa ne. Na biyu ya fi duka tsawo, yana sauya taki sau da yawa, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya koma rawa. Na biyar tsalle ne daga tsirkiyar ƙasa zuwa ta sama da komowa, har kunne ya ɗauka mutum biyu ne ke musayar magana, alhali baka ɗaya ne. Wannan ita ce babbar dabarar, kuma ita ce matsalar duk mai rubuta wa goge ɗaya: yaya za ka sa mai saurare ya ji waƙa da gindinta lokaci guda? Zuwa na shida da na bakwai yana goga tsirkiya biyu ko uku tare. Na bakwai shi ya fi shiga rai, yana farawa a natse kamar mai tunani da dare, kuma shi muka fi so.

Akwai wani abu game da ɗaurin tsirkiya. Yau ana saita cello a kan do, sol, re, la. A Bolonya ta lokacin sukan sassauta ta saman ta koma sol, wato do, sol, re, sol. Tsirkiya biyu masu suna ɗaya suna amsa wa juna, katakon ya ƙara kuwwa, wasu haɗe-haɗen yatsu kuma da ke da wuya a saitin yau sai su zo cikin sauƙi. Makaɗa da yawa yanzu in za su kaɗa Gabrielli sai sun koma wannan ɗauri.

Ba shi kaɗai ke wannan nema ba, gaskiya sai an faɗe ta. Giovanni Battista degli Antonii ya buga nashi littafin a Bolonya a 1687, shekara biyu kafin takardun Gabrielli. A Modena akwai Giuseppe Colombi, a Parma kuma Domenico Galli ya kai wa sarki Francesco nashi kundin a 1691. Duka a yanki ɗaya, cikin ƴan shekaru, saboda sabuwar tsirkiya da sarki mai biya. Abin da ya bambanta Gabrielli shi ne hannun mai opera. Ya san yadda ake sa murya ta ja numfashi, ta yi tambaya, ta dakata, kuma ya zuba wannan cikin katako.

Bai ga amfanin takardun ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Bolonya ran 10 ga Yuli 1690, shekara ɗaya da rabi bayan kwanan watan da ke kan rubutun. Malaminshi Legrenzi ya riga shi da makonni shida kacal. Bayan rasuwarshi aka buga littafin waƙoƙinshi na murya ɗaya a 1691. Ricercar ɗin ko ba a buga ba, suka zauna cikin ɗakin karatu. Sarki Francesco ya bi shi a 1694 yana shekara 34. A 1696 San Petronio, wadda ta kore shi don fashi, ta sallami ƙungiyar makaɗanta gaba ɗaya saboda rashin kuɗi, sai a 1701 aka sake haɗa ta. Giuseppe Jacchini, wanda ake lissafawa cikin almajiranshi, shi ya ci gaba da riƙe sunan Bolonya a fagen cello.

Operar da ta jawo mashi tafi da kora, yau da wuya ka ji an yi ko guda. Takardun darasin su suka rayu, amma sai da suka jira fiye da shekara ɗari biyu, kuma ta dalilin wani suka fito. Ranar da aka sa kwanan wata a kansu, Johann Sebastian Bach na Jamus bai cika shekara 4 ba. Wajen 1720 Bach ya rubuta kiɗa shida na cello shi kaɗai, waɗanda suka zama ma'aunin kowane makaɗin cello, musamman bayan Pablo Casals na Spaniya ya naɗe su a faifai tsakanin 1936 da 1939. Da duniya ta kamu da son su sai aka fara tambaya, wa ya riga Bach? Masu bincike suka koma ɗakunan karatu na Italiya, aka fito da Gabrielli aka buga shi a ƙarni na 20. Makaɗa irin su Anner Bylsma na Holan da Hidemi Suzuki na Japan sun naɗe shi da tsirkiyar hanji irin ta da, kuma wanda ke da intanet a waya in ya rubuta sunan Gabrielli da kalmar ricercar a YouTube zai same su. Duka bakwai ɗin ba su kai awa guda ba.

Kada a ce mun ce Bach ya kwaikwaye shi, takardun suna Modena a ajiye lokacin da Bach ke aiki a Jamus. Amma a kiɗanshi na biyar cikin shidan, Bach ya umarci makaɗi ya sassauta tsirkiyar sama daga la zuwa sol, ɗaurin nan dai na Bolonya da Minghino ya saba da shi.